Ƙanjamau da ciwon hanta a jiki ɗaya: me ya faru da hantarku?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina shan maganin ƙanjamau, a gwajin ƙarshe ma ba a ga ƙwayar a jinina ba. Sai ga shi an ce ina da ciwon hanta nau'in B. Likita ya ce idan cututtukan biyu suka haɗu suna sauya yadda ƙwayoyin gado ke aiki a cikin hanta, shi ya sa take saurin yin tabo. Kaina ya ɗaure, ban iya tambayarsa komai ba. Wannan sauyin, yarana za su gada? Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani.

Mai Aikin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, Maman Biyu, wannan sauyin ba ya bin gado. Ƙwayoyin gadon suna nan yadda suke, abin da ke sauyawa shi ne waɗanne ke kunne, waɗanne ke kashe. Kamar fitilun gida ne: waya ba ta canza ba, amma an kunna fitilar da ya kamata ta zauna a kashe, kuma an ƙi kashe ta. Ita dai cutar B kanta tana iya bin jariri lokacin haihuwa, don haka ki kai yaran a gwada su, wanda ba ya ɗauke da ita a yi masa rigakafi. Maigida ma haka.

Ni ma ina ɗauke da biyun, shi ya sa na bi diddigin abin. A cikin hanta akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, aikinsu a lokacin lafiya ajiye bitamin A. Idan hanta ta ji rauni sai su farka, su kunna ƙwayoyin gadon da ke yin kolajin, wato zaren da jiki ke ɗinke rauni da shi. Ciwon hanta shi kaɗai ma yana tayar da su. HIV kuma, wato ƙwayar ƙanjamau, sai ta ƙara ta hanya biyu. A jikin ɓawonta akwai furotin da ake kira gp120, yana iya mannewa a kan waɗannan ƙwayoyi masu tauraro ya ƙara zuga su. Hanya ta biyu ta fi ba ni mamaki, domin daga hanji take farawa. Tun farkon shigarta jiki, HIV kan kashe ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 masu yawa a bangon hanji, bangon ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa tsallakawa cikin jini. Shi kuma jinin da ya fito daga hanji, hanta yake fara zuwa. Ƙwayoyin da ke gadin hanta, waɗanda ake kira Kupffer, sai su yi ta ƙararrawa, suna fitar da sinadarai irin su TGF-beta masu umartar a ƙara ɗinki. Zare a kan zare, har hanta ta fara ƙandarewa. Shan magani yana rage wannan sosai, amma ba lallai ya lafa ƙurmus ba.

Direban Dare:
Malam ya yi bayani, ni abin da ya same ni zan faɗa. Ƙodata ta fara nuna matsala, sai aka cire mini tenofovir aka ba ni wani haɗin. Wanda ya sauya maganin bai duba fayil ya ga ina da nau'in B ba. Ba a jima ba fitsarina ya koma duhu, idanuna suka yi rawaya, ko ƙanshin abinci ba na so. Sai da aka kwantar da ni. Ashe tenofovir ɗin da nake sha don ƙanjamau shi ne ke danne ciwon hantar duk tsawon lokacin, da aka ɗauke shi sai ta taso da ƙarfinta. 'Yar'uwa, duk ranar da aka ce za a sauya miki magani, ke da bakinki ki ce kina da B, kada ki jira su karanta.

Tsohuwar Nas:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Na ga irin naka a wajen aiki ba sau ɗaya ba. Dalili shi ne ƙwayar B tana ajiye kwafin kanta a can tsakiyar ƙwayar hanta, ana ce masa cccDNA, kuma magungunan da muke da su yanzu ba sa goge shi, hana shi hayayyafa kawai suke yi. Haɗin TLD da mutane da yawa ke sha yana da tenofovir da lamivudine, dukansu suna aiki a kan cututtukan biyu. Amma lamivudine shi kaɗai bai isa ba, B kan saba da shi ta bijire. Allurar ƙanjamau ɗin nan ma ta cabotegravir da rilpivirine da ake ta ɗokinta, ba ta taɓa B ko kaɗan.

Maman Biyu:
TLD ɗin nake sha. Kenan ana maganin hantar ban sani ba?

Tsohuwar Nas:
Ƙwarai kuwa, ƙanwata. Ki roƙi a auna yawan ƙwayar B a jininki don a tabbatar ta kwanta.

Baban Yara:
Nawa nau'in C ne. Na sha wuya a zamanin allurar intaferon, tsohon maganin C mai zuga garkuwar jiki, duk mako allura, ga ribavirin kullum, ga zazzaɓi da rama kusan shekara guda, ƙarshe aka ce bai yi aiki ba. Daga baya wani likita ya gaya mini abin da har yau nake jinjinawa: a hantar wasu mutane, ƙwayoyin gadon da intaferon ke kunnawa sun riga sun daɗe a kunne saboda cutar, to ko an ƙara allura babu sauran abin da za ta tayar. Irin waɗannan su suka fi rashin dacewa da maganin. Bayan fitowar maganin sofosbuvir a 2013 labari ya canza. Na sha shi tare da daclatasvir mako 12, ƙwayar ta tafi, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan irin waɗannan magunguna suna warkewa, har da mu masu ƙanjamau. Kafin a fara mini sai da aka gwada ni B, domin maganin C na iya sa B da ke kwance ta farka. Tabon da ya riga ya yi dai bai tafi tare da ƙwayar ba, har yanzu ana bibiyata.

'Yar Autan Zaure:
Ni a watannin farko na fara maganin ƙanjamau ne lambobin gwajin hantata suka yi sama. Na tsorata na ɗauka maganin ne ke cutar da ni. Aka ce garkuwar jikina ce ta farfaɗo ta fara yaƙar B ɗin da ta samu a ciki. Ba a tsayar mini da magani ba, aka dai riƙa ɗibar jini akai-akai, ya sauko da kansa.

Malamin Firamare:
Ku yi haƙuri, ina da ɗan ja da yadda muke dogara da ALT, wato gwajin jinin da ake yi don duba hanta. Nawa kullum daidai yake fitowa, ina ta murna, sai ranar da aka ɗora mini na'urar FibroScan mai auna taurin hanta aka ga hantar ta fara tauri. ALT rauni na yanzu yake nunawa, ba ya faɗin tabon da ya taru shekara da shekaru. Inda babu na'urar, akwai lissafin APRI da ake yi da sakamakon AST, wani gwajin hantar irin ALT, da yawan filatilet, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, jinin da aka saba ɗiba ya isa. Sannan ni duk wata shida ake mini hoton ciki, saboda B tana iya cusa guntun kanta cikin ƙwayoyin gadon hanta, kuma ciwon kansa na iya fitowa ko hantar ba ta kai ga ƙandarewa ba. Maman Biyu, ki tambayi likitanki ko kina cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa hoton tun yanzu, domin abin ya danganta da shekaru, da yanayin tabon, da ko an taɓa samun kansar hanta a danginku.