Fitilar ƙwai ko kyandir ga mai kwana a jirgi?

Ɗan Lagdo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mai kwana da iyali cikin jirgi mai rumfa a dam ɗin Lagdo da ke Kamaru, ba lantarki ba sola, me ya fi masa: kyandir, aci-balbal ko fitilar ƙwai?

Mai gyaran fitila, Garwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Aci-balbal cire shi a lissafi, wutarsa a fili take, jirgi na tangaɗi aci-balbal ɗin zai kife. Nemi fitilar ƙwai mai waya a gicciye da ke riƙe ƙwan. Ƙarama irin Feuerhand ta Jamus tana shan kusan sulusin lita, takan kai awa 20 in ba a ɗaga lagwani sosai ba. Ke nan lita ɗaya za ta kai ka sati biyu a awa huɗu kullum. Kada ka cika ta fal, bar kashi ɗaya cikin huɗu, don kananzir na kumbura in ya ji zafi. Sabon lagwani a bar shi ya sha mai minti 15 kafin a ƙyasta ashana, in ba haka ba zaren ne zai ci, ba man ba. Yanke bakinsa daidai da almakashi, ka ɗan rage kusurwa biyun. Su ke fitar da harshe mai ƙaho da ke baƙanta ƙwai. Kunna ƙasa-ƙasa, don in ƙarfen ya ɗau zafi wutar da kanta take tashi.

Baba masunci, Blangua: Maigyara ya gama magana kan fitila, amma ɗana, abin da ke ƙona jirgi man ne. A bakin masu Faransanci "fetirol" kananzir ne, fetur kuwa "esans". Aiki yaro da kalma ɗaya, mai jarka ya fahimci wata, sai a zuba wa fitila man inji. Akwai kuma kananzir da aka gauraya da fetur. Ɗiga shi a farar takarda: fetur nan take yake bushewa, kananzir na barin tabon maiƙo ya daɗe. In warinsa ya yi kaifi kamar na bakin inji, mayar musu. Tiririn fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, shi ya sa ba a ajiye fitila a ƙasa kuma ba a zuba wa inji mai tana ci. Jarkar inji can baya, fitila can gaba.

Ɗan Lagdo: Allah ya ƙara girma Baba. To ina zan rataye ta? Rumfar ta zana ce da tamfol.

Kafintan jirgi, Maga: Malam, zafinta ta kai yake fita. Bar aƙalla kamu ɗaya tsakaninta da rufin, ka kafa murfin tukunya ko fallen kwano a samanta, da ɗan rata tsakaninsa da zanar. Da waya za ka rataye, ba igiyar leda ba, narkewa take. Ka kuma ɗaure gindinta da wata wayar don kada ta yi lilo ta bugi gungume. Feshin ruwa a kan ƙwai mai zafi tsaga shi yake, sai ka ajiye ƙwai na biyu naɗe cikin tsumma.

Hajiya mai kayan koli, Kusiri: Kyandir dai na ko-ta-kwana ne. Zafin Afrilu lanƙwasa shi yake tun a kwali. In ya zama dole, zuba yashi rabin gwangwanin tumatir babba, ka cusa kyandir ɗin ciki yadda bakin gwangwani zai ɗara harshen. Kuma nesa da gidan sauro, wannan ƙiftawar ido yake ci.

Baba masunci, Blangua: Na manta. Wutar kananzir ba a watsa mata ruwa, man bisa ruwan yake hawa ya bazu. Bokitin yashi ko jiƙaƙƙen buhun algarara. Da hunturu kuma kada a toshe rumfa ruf fitila na ci, hayaƙinta mai kisa ba shi da wari. Ciwon kai da jiri su ne alama. A kashe kafin barci.

Mai gyaran fitila, Garwa: In ta fara tartsatsi tana lumshewa, ruwa ne ya kwanta a gindin tanki. Juye man, ɗauraye da sabon kananzir kaɗan, sake lagwani. Man gyaɗa kuma kada ka gwada, ya yi kauri, ba ya hawa lagwaninta.