Jinyar Inna ta ci ƙarfina, an ce ni ma in ga likita. In je?

'Yar Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin azumin bara, daga baya mantuwa ta shigo. Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, shi ya sa gidana aka kawo ta, ga yara ƙanana. Wanka, juya ta, canjin famfas, abinci a baki, duk ni ce. Cikin dare sai ta farka tana kiran Baba da ya rasu, wai a mayar da ita gida. Yanzu ko ta yi shiru idona biyu har asuba. Abinci ba ya min daɗi, sai in shiga banɗaki in yi ta kuka ban san dalili ba. Nas ɗin da ke mata gashi ta dube ni ta ce ke ma fa ba lafiya gare ki ba, ta rubuta min takardar ganin mai ba da shawara a ɓangaren ƙwaƙwalwa. Maigidana ya amince. Yayanmu babba ya ce tunda ban haukace ba me zai kai ni, in ƙara haƙuri. Wanda ya taɓa zuwa, me ake yi a can, nawa ne, kuma yana da amfani? Don Allah ba maganin Inna nake tambaya ba, tana da likitanta.

Abu Hanan:
Allah ya ba Inna lafiya. Ki nemi man zaitun da na habbatus sauda a riƙa shafa mata a ɓarin safe da yamma, da zuma a ruwan ɗumi.

Anti Nas:
Malam, ta ce ba na Inna take tambaya ba. Ƙanwata, ki je. Rashin barci, rashin cin abinci, kuka, da daina jin daɗin komai, idan suka wuce mako biyu a jere, alamun ciwon damuwa ne, kuma masu jinya a gida suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Zaman farko tambayoyi ne. Akwai takarda mai tambaya 9 da ake auna damuwa da ita, sannan a tambaye ki yadda wuninki yake tun daga asuba, wa ke karɓarki, yaushe kika fita gida don kanki. A koya miki yadda za ki bi da Inna idan ta rikice, kamar kada ki ce mata Baba ya rasu, don kullum sabon mutuwa za ta ji, ki ja ta da hira kan shi har ta lafa. Ba kowa ake ba ƙwaya ba. In an ba ki, tana ɗaukar makonni kafin ta fara aiki, kada ki yar. Idan kuma kin taɓa jin gara ki mutu ki huta, kada ki jira ranar layi, ki je yau. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, na Kaduna akwai Barnawa, Sakkwato akwai Kware.

Maman Abba:
Ni da na karanta wannan sai da na ajiye wayar. Na yi jinyar surukina har Allah ya karɓi abinsa. Uban miji fa, ba nawa ba. 'Ya'yansa mata suna gari ɗaya da mu, ranar Juma'a suke zuwa da lemo a leda, su zauna a falo, su ce ɗakin yana wari. Ni nake ɗaga shi ni kaɗai in mijina ya fita kasuwa, har bayana ya riƙe. Da gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu, babbar ta kira dangi ta ce sakacina ne. Wallahi duk awa biyu nake juya shi da rana, da dare ne barci yake sace ni a zaune, kaina jingine da ƙarfen gado. Ranar da ya rasu ana ta kuka, ni ko ɗigon hawaye, har aka yi ta magana. Bayan bakwai na faɗi a tsakar gida, aka auna aka ce hawan jini, ina shan magani har yau. A rabon gado ko sannu ba wanda ya ce min. Ba wanda ya taɓa tambayata ya jikina. Da akwai wanda ya nuna min irin wannan wurin da rarrafe zan je.

Hajiyar Tudun Wada:
Innalillahi. Maman Abba ladanki na wurin Allah. Amma mijin naki yana ina ake miki wannan?

Maman Abba:
Yana nan Hajiya. Mutumin kirki ne, amma ba ya iya buɗa baki gaban yayyensa.

'Yar Gwammaja:
Allah ya saka miki Maman Abba. Har yanzu dai ban ji kuɗin ba.

Bakatsine:
Ni na kai matata asibitin gwamnati, kati da ganin likita bai kai dubu biyar ba. Layin ne dai sai kin yi sammako.

Ummu Sultan:
Wane dubu biyar? Dubu ashirin da biyar na biya zama ɗaya a Abuja, aka ce in dawo duk mako.

Bakatsine:
Na kuɗi kika je Hajiya. Kuma likita daban, mai zaman hira daban.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan jika biyu na ba da, amma magani kawai aka rubuta, ba wanda ya zauna da ni.

Sarkin Zolaya:
In dai hira ce ku zo shagona, shayi da biredi da sauraro duka dubu ɗaya, har da ƙarin madara.

Anti Nas:
Allah ya shirye ka. Kuɗi ya danganta da wuri, ki tambaya a wurin yankar kati kafin ranar.

Abu Hanan:
Ni fa abin da nake gudu, a mayar da biyayyar iyaye ta zama cuta. Allah ya ce kada ka ce musu ko tir. Iyayenmu sun yi jinyar nasu iyayen ba su ga wani likitan hira ba.

Malam Na Zariya:
Abu Hanan, ayar gaskiya ce, amma ba ta hana neman magani ba. Salmanu ya faɗa wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka, Manzon Allah (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Iyayen da kake faɗa a babban gida suka yi jinya, ga kishiyoyi, ga matan 'yan uwa, ga jikoki. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ce a gida. Kuma ayar da 'ya'ya maza ma take magana.

Baƙo A Ingila:
Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan. An yi wani dogon bincike a Jami'ar New York kan masu jinyar mazansu ko matansu da ke da cutar mantuwa. Zama 6 aka yi musu, 2 da mai jinyar shi kaɗai, 4 tare da dangi, sannan aka bar musu damar kiran mai shawarar a waya duk sanda abu ya taso. Damuwarsu ta ragu ta kuma daɗe a raguwar. Ki lura, zaman dangin ya fi yawa. Ki nemi a kira yayan naki zama ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da littafin iSupport a 2019 don masu irin jinyarki, kyauta ne a intanet.

Abu Hanan:
Mutanen da ke kai iyayensu gidan tsofaffi su ne za su koya mana jinya?

Baƙo A Ingila:
Ai sakamakon binciken ya nuna waɗanda aka yi wa shawarar sun fi daɗewa riƙe da majinyatansu a gida, da kusan shekara ɗaya da rabi.

Hajiyar Tudun Wada:
Ku bar musun. Ni tambayata, shi yayan da ya ce a yi haƙuri, ya taɓa kwana ɗaya da Inna? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yar Gwammaja:
Yana turo kuɗi duk wata Hajiya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kwana dai bai taɓa ba. Matarsa ta ce ba ta iya ganin ƙazanta.

Maman Abba:
Kin ji ko! Alat kawai. Namu ma haka suke, kuɗin ko famfas na wata ba ya isa, in ka yi magana a ce me kika yi da na wancan watan.

Bakatsine:
A yi mana adalci, ba duka maza ba. Ni na yi wa mahaifina wanka da hannuna har ya bar duniya. Amma uwa ce fa, ɗa namiji ya canza mata famfas?

Ummu Sultan:
To ya ɗauki mai aiki ya biya, ko ya zo ya zauna da ita wuni ɗaya ƙanwarsa ta yi barci. Wannan ma sai mace?

Bakatsine:
Mai aikin da za ta yarda da jinya nawa kike ganin za ta karɓa yanzu? Ta maƙwabtanmu ko wata ba ta rufa ba ta gudu.

Maman Abba:
Ita an biya ta ma ta gudu. Hajiya ki tambayi Bakatsine matan ƙannensa nawa ne suka taɓa karɓar matarsa ko na wuni.