Wace kalma za mu ba "framework" a Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana fassara labari kan yadda Google ke ƙara zuba ƙarfi a Angular, framework ɗinsa na gina manhajojin intanet. A 2024 suka sanar cewa za su haɗe shi da Wiz, wanda suke amfani da shi a cikin gida wajen gina shafinsu na bincike. Kalmar framework ce ta tsaya mana a wuya. Mu ce "tsari"?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. "Tsari" ya yi faɗi, shi muke kiran komai da shi. A fara gane aikin abin tukuna. Idan ka buga umarnin ng new, na fara sabon aiki a Angular, nan take zai shimfiɗa maka manyan fayiloli da inda kowane abu zai zauna. Yana zuwa da hanyar sauya shafi, da ta karɓar fom, da ta magana da sabar. Kai za ka cike gurabe ne kawai, shi kuma ya kira kod ɗinka lokacin da ya ga dama. A nan ya bambanta da laburare, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, wanda kai ne kake kiransa. Shi ya sa React, wanda Facebook ya saki a 2013, yake kiran kansa laburare, Next.js da aka ɗora a kansa kuwa firemwok ne.

Malama: To ko "ƙwarangwal"?

Injiniya: Ranki ya daɗe, ƙwarangwal ba ya motsi, shi kuwa wannan yana aiki ne duk lokacin da manhaja ke gudana. A bar wa ƙwarangwal fayilolin farko da ng new ke fitarwa.

Mai Koyarwa: Ni "tsaiko" nake gani, wato itatuwan da ake ɗaurawa kafin a yi baibayar ɗaki. Siffar rufin ta riga ta tabbata tun daga tsaiko, mai baibaya bin ta kawai zai yi. Kuma matsalar iri ɗaya ce: in za a sauya shi, sai an kware rufin gaba ɗaya. AngularJS, wato Angular na farko, ya fito a 2010. Da Angular 2 ya zo a 2016 an sake rubuta shi ne daga tushe da TypeScript, yaren rubuta kod na Microsoft, tsohon kod bai hau kansa ba, aka kuma daina kula da tsohon a ƙarshen 2021. Kamfanoni da yawa sai da suka sake gini.

Malama: Na yarda da ma'anar, amma yaran birni da yawa ba su taɓa jin tsaiko ba. A rubuta "tsaikon manhaja" a ambaton farko, a biyo shi da bayani na jimla ɗaya.

Injiniya: Ya zauna a baki: "wane tsaiko kuka yi amfani da shi?", "a sabunta tsaiko". Malam, ka ƙara wa masu karatu wannan: ya zuwa 2025, Angular na fitar da babban sabuntawa duk wata 6, ana kula da kowanne wata 18. Da umarnin ng update ake hawa zuwa sabon, mataki ɗaya-ɗaya. Wanda ya tsallake uku a tashi ɗaya, sauran laburarorin da ya jingina da su ne za su fara ƙin aiki.

Mai Fassara: Na gode, malamaina. Kanun labarin zai zama: "Google zai haɗe tsaikon manhaja biyu, Angular da Wiz."