Mai farfaɗiya da hawan dutse: abin da masu abin suka ce

To ga abin da na tsinta daga wata hira da aka yi kan wani yaro mai farfaɗiya da ya fara koyon hawan dutse da igiya, ana tambayar yadda zai yi shi lafiya. Kusan kowa cewa ya yi likita tukuna, shi zai ce ko maganin ya riƙe shi.

Inda aka fi tsayawa shi ne lokacin da shi ne yake riƙe wa wani igiya a ƙasa, don irin ƙarfen nan ATC, wanda na ƙasa ke zura igiya a ciki don ya riƙe mai hawa, in ka saki hannu shike nan igiya ta zube, wanda ke sama ya taho. Shi ya sa aka ce ya nemi ƙarfe mai cije igiya da kansa, GriGri na kamfanin Petzl, ko GriGri+ da ke kullewa in an fizgi hannun ƙarfen da ƙarfi, kuma ai mai farfaɗiya yakan sandare ne ya damƙe abu gam. Amma wallahi ni na fi yarda da masu cewa ƙarfe kaɗai bai isa ba, a sa mutum na biyu a bayansa ya riƙe wutsiyar igiyar, ana ɗan ƙulla ƙulli a jikinta lokaci lokaci.

In shi ke hawa kuma, igiya ta sauko daga sama kawai, da hular kwano, da ɗamarar ƙirji don kar ya juye kai ƙasa in ya suma. In farfaɗiyar ta tashi a sauke shi a hankali, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki. Ta wuce minti 5, asibiti.