Tayar baya na harba ni duk lokacin da na yi tsalle da keke, a ba ni shawara

Ɗan Tudun Jos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokaina muna hawan keken dutse a wajen tsoffin ramukan kuza da ke bayan garin Jos, inda ƙasar da aka tono ta taru ta zama tuddai. Hawa da gangara ba sa ba ni wahala, tsalle ne ya gagare ni. Mun gyara wani ɗan tudu da shebur, tsayinsa ya ɗan wuce gwiwa, bayansa rami ne kamar taku biyu, sannan gangarar da ake dira. Da tayar gaba ta bar bakin tudun sai in ji ta baya ta harbo ni, sirdi ya doke ni, kan keken ya sunkuya ƙasa. Ranar Asabar a kan tayar gaba na dira, na kifa ta saman kan keken, na tokare ƙasa da hannun dama. Wuyan hannun bai wani kumbura ba, amma har yau yana ciwo a gindin babban yatsa. Abokaina sun ce in ƙara gudu in fizgo kan keken da ƙarfi. Da na gwada haka sai keken ya karkace gefe a sama. Keken na gwanjo ne, yana da sifirin a ƙarƙashin sirdi. Don Allah masu sani, matsalar daga ni take ko daga keken?

Tsohon Mahayi:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da jiki. Shawarar ƙara gudu da fizgar kan keke ka ajiye ta gefe, ita ce ke kai yara asibiti.

Faɗuwar nan taka tun a kan hawan tudun ake ƙulla ta, kafin ka tashi sama. Tayoyinka biyu ba tare suke barin ƙasa ba. Ta gaba ce ke fara isa bakin tudu, kuma mai tsoro a daidai nan yake lanƙwashe hannuwa, kan keken ya taho masa ƙirji. Ka ga hannuwanka sun shanye ƙarfin da ya kamata ya ɗaga gaban keken. Tayar gaba ta fita ta fara sauka ke nan, alhali ta baya tana kan tudu yana ci gaba da tura ta sama. Gaba na sauka, baya na hawa, dole keke ya juya ya kifa. Kuma da zarar tayoyi biyu sun bar ƙasa ba ka da abin tokara, juyin da ka tashi da shi da shi za ka dira.

Wanda ya taɓa kifawa ta gaba yakan koma yana janye jikinsa baya can, har ɗuwawu ya kusa taɓa taya, yana ganin kariya ce. Hakan ƙara danne tayar baya yake yi, sai tudu ya harba ta da ƙarfin da ya fi na farko. Ina kyautata zaton yanzu abin da kake yi ke nan.

Ka sauke sirdi ƙasa iyakarsa. Ka miƙe tsaye a kan feda, ƙafafu a daidai juna, ɗaya gaba ɗaya baya, ba ɗaya sama ɗaya ƙasa ba. Nauyinka ya tafi a ƙafa, hannu riƙo kawai yake yi. Ka daina tuƙi tun da sauran tazarar tsawon keke uku ko huɗu, gudun da ka zo da shi ya ishe ka. Kana isa gindin tudu ka ɗan durƙusa, sannan ka danna feda da ƙafa biyu kana miƙewa yayin da kake hawa, kamar dai yadda mutum ke durƙusawa ya tokari ƙasa idan zai tsallake kwata. Abin da yawanci ake kuskurewa shi ne lokacin. Dannawar nan ba a sake ta sai tayar baya ta bar bakin tudu. In ka saki da wuri, ka koma gidan jiya. Hannuwa kuma su tsaya da ɗan ƙarfi, kar su naɗe.

Fizgar da abokanka suka ce ka yi, hannun dama da na hagu ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa keken ya karkace. Tashi daga ƙafa yake zuwa. In ka tashi, ka saki jiki, ka bar keken ya taso ƙarƙashinka, idonka a inda za ka dira, ba a tayar gaba ba. Ka ɗan tura kan keken gaba har ya daidaita da gangarar, tayoyi biyu su taɓa ƙasa kusan tare, gwiwoyi su karɓi nauyin. Birki kuwa kar ka taɓa shi a bakin tudu ko a sama. In ka tsayar da tayar baya a sama, gaban keken sunkuyawa yake yi. In ta gaba ce ka dira da ita a kulle, ba abin da zai hana ka kifawa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ɗan'uwa, ni hannun nan ne ya tsaya mini a rai. A wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, akwai wani ƙaramin ƙashi da ke yawan tsagewa idan mutum ya faɗi ya tokare da tafin hannu. Sau da yawa ba ya kumbura sosai, sai a ɗauka targaɗe ne a yi ta murza shi da man zafi. Jini ba ya isar wani sashe na ƙashin nan da kyau, don haka in aka bar shi yana iya ƙin haɗewa, mutum ya yi shekaru da ciwo. Ka buɗe babban yatsanka, za ka ga ɗan lotsawa a gindinsa ta bayan hannu. In ka danna wurin ka ji zafi, ka je a ɗauki hoton ƙashi, kar ka fara da mai ɗori. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna tsagewar, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, kuma a tsakanin nan ɗaure hannun ake yi. Kar ka hau keke kafin nan.

Ban ji ka ambaci kai ba. Ya bugu? Duk wanda ya bugu a kai sannan ya yi amai, ko ya rikice, ko ya kasa tuna yadda ya faɗi, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, asibiti za a kai shi nan take. Wanda kuma ya faɗi yana kukan wuya ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kar abokai su ɗaga shi su ɗora a babur. A riƙe kansa da wuyansa yadda suke har a samo taimako.

Bakaniken Keke:
Da girmamawa ga Yaya Tsohon Mahayi, duk abin da ya faɗa haka ne, amma ni sai na ce rabin laifin na keken ne. Irin wannan mai sifirin a tsakiya kullum ana kawo mini shi shago. Yawancinsu sifirin ne tsagwaronsa, ba mai a ciki da zai rage masa saurin dawowa. Ka danne shi a kan tudu, ya dawo da ƙarfinsa gaba ɗaya daidai lokacin da tayar baya take bakin tudun. Ko gwani ne a kai sai ya ji harbin. Shokazoba na gaske yana da ɗan maɓalli, yawanci ja, da ake murzawa a rage saurin dawowar, kuma ana saita shi ya lotsa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari idan mai keke ya hau. Gwada naka: danna sirdi da ƙarfi ka saki. In ya yi tsalle har tayar baya ta bar ƙasa, to ba na tsalle ba ne. Gara keke mai ƙarfi wanda ba shi da komai a baya.

Sannan ka wanke keken ka duba walda, musamman inda wuyan keke ya haɗu da gangar jiki. Alminiyam tsagewa yake yi siririya kamar gashi, daga baya ya rabu lokaci ɗaya. Ka kama birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas wuyan ya yi sako-sako. Ka duba makullin tayar gaba, na sha ganin wanda aka murza kawai ba a kulle ba.

Mazaunin Ingila:
Oga bakanike ya yi gaskiya. Kamfanonin keke da yawa suna bin wani ma'auni na Amurka, ASTM, mai raba kekuna rukuni biyar gwargwadon wahalar da za su iya ɗauka. Rukuni na 2 bai wuce faɗowar santimita 15 ba, na 3 tsallen da bai kai santimita 61 ba, na 4 har santimita 122. Wani lokaci za ka ga lambar a manne jikin keken. Tudunka da ya wuce gwiwa aikin rukuni na 3 ne aƙalla.

Wani abu kuma da ya shafi masu keken gwanjo: a nan Ingila birkin gaba a hannun dama yake, a Amurka da yawancin Turai a hagu. Kekunan da ake shigowa da su gida daga ko'ina suke zuwa. In ka ari keken aboki, ka matsa birki ka ga wace taya ke tsayawa kafin ka hau.

Baban Yara:
Yaro, ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba. Keke na zuwa makaranta da kasuwa ne. In ka karye wa zai yi jinyarka in ba iyayenka ba?

Tsohon Mahayi:
Baba, maganarka tana kan hanya, kuma tsoron da kake ji shi muke ji. Amma wasa ne sananne, tun 1996 a Atlanta tseren keken dutse yake cikin gasar Olamfik. Yaran nan ko an hana su a nan gobe suna can. Na fi son su je da sanin abin da ke kayar da mutum.

Mai Shebur:
Ba wanda ya yi maganar tudun kansa, kuma ina zargin sa sosai. Tsakanin tayoyin keken babba ya wuce mita ɗaya. Idan hawan tudunku bai kai tsawon keken ba, tayar gaba za ta fita kafin ta baya ta ma fara hawa, ka ga kowace taya duka dabam take sha. Gajeren tudu mai tsini ya fi dogo mai kwanciya haɗari nesa ba kusa ba, ko da dogon ya fi shi tsayi. Ku ja hawan ya kai tsawon keke ɗaya da rabi ko biyu, ya tashi a hankali ba tare da ƙusumbi a baki ba.

Ramin nan kuma ku cike shi, saman ya zama shimfiɗe kamar tebur tun daga bakin tashi har gangarar dira. Wanda bai kai ba sai ya sauka a saman ya wuce abinsa. A wuraren da aka gina don wannan wasa, irin na Whistler a Kanada, hanyoyi launi-launi ne, kore na masu koyo, shuɗi na matsakaita, baƙi na gwanaye, kuma da irin teburin nan ake koyon tsalle. Rami ne ke sa mai koyo ya sandare, sandarewa kuma ke kawo abin da Yaya ya bayyana.

Batun ƙara gudu, ku yi lissafi. Nisan tsalle ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ya fi gudun saurin ƙaruwa. In gudun kilomita 20 a awa na kai ka mita 3, kilomita 25 zai kai ka sama da mita 4 da rabi a kan tudun nan dai. Ka wuce gangarar ke nan ka dira a fili, duk nauyin ya tafi a wuyan hannu da idon sawu. A nan ne ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ke yawan karyewa in mutum ya faɗi a kafaɗa.

Gini da damina ake yi, lokacin da ƙasa ke da laima tana kamuwa, a daddaɓe ta da bayan shebur a bar ta ta bushe. Da rani tsakuwa na taruwa a wajen dira, ku share kafin ku fara. Ranar da iskar hunturu ke bugowa daga gefe a haƙura, tana ture tayoyi daga ƙarƙashin mutum a sama.

Ɗan Tudun Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, kan bai bugu ba, amma wurin da kika ce na danna yana zafi, zan je asibiti. Oga, na danna sirdin, tayar ta tashi. Abokina na da wanda ba sifirin a baya. Tambaya biyu ta rage: ƙafata na zamewa daga feda a sama, kuma hular kwano ta gwanjo za ta yi?

Bakaniken Keke:
Fedar roba ce ke zamar da kai. Nemi mai faɗi mai 'yan ƙusoshi a sama, da takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba, ba silifa ba. Hula kuwa, farin soson da ke cikinta bugu ɗaya yake ɗauka, in ya matse ba ya dawowa, kuma daga waje ba lallai a gane ba. Ta gwanjo ba ka san abin da ta gani ba. In da hali sayi sabuwa mai tambarin inganci na EN 1078 ko CPSC a ciki, ka ɗaure igiyar haɓa.

Tsohon Mahayi:
Zamewar ƙafa ma alama ce ta cewa kai kake tsalle ka bar keken, maimakon ka danna shi ya taso tare da kai. Feda ta zauna a tsakiyar tafin ƙafa, diddige ya ɗan sauka yayin da kake hawa tudun.

In likita ya sallame ka, kar ka fara da tashi. Ka yi ta bi ta kan teburin a hankali tayoyi na ƙasa, kana jin lokacin da kowace taya ke wuce baki. Sai ka fara dannawa kaɗan ka dira a saman teburin, kana ƙara dannawar, gudun yana nan yadda yake. Gajiya na ɓata lokacin dannawa, don haka in ƙafa ta fara rawa a tashi. Ka sa abokinka ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, ya ɗauke ka bidiyo da waya, ku rage saurinsa ku tsayar daidai inda tayar baya take bakin tudu. A wannan hoton ƙafafunka su kasance sun kusa miƙewa, ƙugunka a saman feda, tayar gaba tana sama da ta baya. In ka ga gwiwar hannu a naɗe ko ɗuwawu a bayan sirdi, turo mana bidiyon nan mu duba tare.