Ranar Joji ta zo, Ingila ta yi shiru

Bakanon Bradford:

Yau 23 ga Afrilu, ranar Joji waliyyin Ingila,
Amma kowa ya kama hanyar aiki.
Banki a buɗe, makaranta a buɗe,
Babu hutu, ba kiɗa, balle biki.
Ailan ta riƙe 17 ga Maris gam,
Ranar waliyyinta Fatarik har Amurka ana ɗoki.
Sikotlan ta ware 30 ga Nuwamba don waliyyinta Andiru,
Doka ta ce hutu ne, babu mai tsaki.
Ke Ingila da kika fi su yawan jama'a,
Me ya hana ki ɗaga tutar gidanki?

Hajiyar Luton:

Malam, tambayarka ta taɓa mini miki,
Tutar nan a garinmu ta zama abin tsoro.
A 2009 EDL, ƙungiyar masu ƙin Musulmi, ta tashi a nan Luton,
Jan gicciyen Joji kan farin ƙyalle a gaban taro.
Suna zagin masallaci da mai lulluɓi,
Uwa ta saki labule ta rungume yaro.
Bature mai mutunci ya ga masu ɗaga ta,
Ya naɗe tasa ya bi ta kwararo.
Wanda aka kora da tuta jiya,
Yau ba ya amsa gayya ko an ba shi goro.

Ɗalibin Manchester:

Hajiya, zafin da kika ji gaskiya ne,
Amma masu ihun ba su san Joji ba ko kusa.
Sojan Rum ne, bai taɓa ganin Landan ba,
Kafadokiya, Turkiyyar yau, aka ce asalinsa.
A 303, zamanin sarki Diyokilishiyan,
Ya ƙi barin addininsa, aka yi masa kisa.
Kabarinsa na Lidda, tsohon garin Falasɗinu,
Masallacin Halliru na jingine da cocinsa.
Habasha na girmama shi, Jojiya ma haka,
A Basalona fure da littafi ake bayarwa ranarsa.
Wajen 1348 Sarki Edward na Uku ya ɗauko shi,
Waliyyi Edmund ɗan gida ya ja baya, baƙo ya hau bisa.
A 1415 aka ɗaga darajar bikin,
Bayan yaƙin Ajinko da aka ci Faransa.
To waliyyin da shi kansa daga Gabas ya zo,
Ta yaya za a kori baƙo da sunansa?

Baba na Peckham:

Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira,
Sai dai ciwon ya girmi 'yan zanga-zangar jiya.
Tun 1707 da aka haɗe da Sikotlan,
Ingila ta narke cikin sunan Birtaniya.
Ta shagala da mulkin ƙasashen mutane,
A 1903 har Sakkwato, ta bar gida a baya.
A 1999 Edinbara ta Sikotlan da Kadif ta Wales suka sami majalisa,
Ingila ba ta da tata ta kanta ko ɗaya.
Ni dai ba na ɗaukar gicciye, addinina ya hana,
Amma maƙwabcina in ya yi biki, zan gaishe shi da zuciya ɗaya.

'Yar Birmingham:

Baba, na rusuna, a ba ni dama,
Nan aka yanke cibiyata, Ingila ce ƙasata.
Gasar Turai ta 1996 ta maido tutar filin ƙwallo,
Na taso ina ganinta a tagar maƙwabciyata.
Da Saka ya ɓarar da fenariti a 2021,
An zage shi saboda launin fata.
Dubbai suka tashi suka tsaya masa,
Wannan Ingilar ce nake kira tawa, ba wata.
A dandalin Tarafalga ana bikin Joji duk shekara,
Magajin gari Sadiq Khan, Musulmi, ofishinsa ke gayyata.
In mun ja baya, masu zagi sun ci riba,
Ni ba zan bar musu ranar ba, ba zan bar musu tuta.

Hajiyar Luton:

'Yata, je ki, Allah ya tsare hanya,
Ni zuciyata ba ta huce ba tukuna.
In kin dawo ki faɗa mini su wa suka je,
Ki kuma tafi da yayanki, ku dawo da sauran rana.