Madubi mai doro da na gani a Landan: aibu ne ko haka ake yinsa?

Maman Iman:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na leƙa kasuwar Portobello, layin masu tsofaffin kaya, na ga wani zagayayyen madubi bai fi faifai girma ba, gilashinsa ya turo waje. Katakon kewayensa ya sha ruwan zinare, ga mikiya a samansa ta buɗe fukafukai. Da na matsa, hancina ya yi gaba, kunnuwa suka gudu baya, amma duk shagunan da ke bayana ga su nan a ciki tsaf. Mai kayan ya ce na wajen 1810 ne. Yaya ɗan wannan abu yake haɗiye titi guda? Kuma ɗigo-ɗigon baƙi a gefensa, lalacewa ce?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Haske idan ya bugi madubi, da irin kwanar da ya shigo yake komawa. To mai doro kowane ɓangarensa wani waje yake fuskanta daban, sai ya kwaso haske ta dama, ta hagu, ta sama, ya turo idonki. Wuri mai faɗi ya matsu a ƙaramin gilashi, dole komai ya ƙanƙance, amma ba ya kifewa. Hancin kuwa shi ya fi kusa, shi ya sa ya yi wa kunnuwa fintinkau. Ki gwada da cokali: a bayansa kina tsaye, a cikinsa kanki ƙasa.

Ɗan Zazzau:
Asali rashin dabara ce ta haifar da shi. Kafin a ƙware wajen shimfiɗaɗɗen gilashi, masu sana'ar a Jamus, musamman Nuremberg, sukan hura gilashi ya zama ƙwallo, su zuba narkakkiyar dalma ciki, in ya huce su yanka. Tunda kina Landan, ki shiga gidan ajiye zane-zane na National Gallery, kyauta ne, ki nemi zanen Arnolfini da Jan van Eyck ya yi a 1434. A zanen, irin madubin yana bango, cikinsa har da mutum biyu a bakin ƙofa. Mai mikiyar nan yayin Ingila ne na farkon ƙarni na 19, wasu har da mariƙin kyandir don hasken ya bazu a ɗaki.

Gwaggon Yara:
'Yata, ɗigon tsufa ne, masu tara kayan ma shi suke so. Amma na kwaikwayo sun cika gari, har ɗigon ake ƙirƙira. Ki sa mai kayan ya juya miki bayansa ki duba katakon da ƙusoshin. In kin saya, kar ki fesa masa ruwan goge gilashi, zai zurara ta gefe ya ci bayan.

Maman Iman:
Na gode. Gwaggo, kuɗin da ya kira mini ma ya isa ya hana ni saya. National Gallery ɗin dai zan je.